Littafin da Mai Tsire Ya Yage wa Ƙarshe

Assalamu alaikum, Kulu ɗiyata.

Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sha ruwa, kin huce gajiyar mota. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa koyarwar da za ki fara ta zama alheri gare ki da 'yan matan da za su zauna gabanki. Innarki tana gaishe ki. Tun jiya take share ido tana cewa mura ce, ni kuwa ban taɓa ganin murar da ke tashi sai an ambaci Shagari ba.

Na san za ki yi mini dariya. Daga Bodinga zuwa Shagari ba wata tafiya ba ce, ga waya a hannun kowa, amma tsoho ya zauna ya cika takardu kamar za ki ƙetare teku. Yi dariyarki. Akwai maganar da bakina ya kasa fitarwa shekara talatin da 'yan kai, kuma na san halina: in na ɗauki waya, ƙarshenta in tambaye ki ko kin ci abinci in kashe. Shi ya sa na rubuta, na cusa cikin akwatin littattafan da na ce ki tafi da shi. A gidan Baffanki Mamman za ki zauna, wana uwa ɗaya uba ɗaya, don haka gara ki san abin da ke tsakanina da shi kafin ki saba da tuwon gidansa.

Bari in fara da akwatin. Kin sha tambayata inda na samo littattafan nan marasa bango, masu ɗigon mai a gefe, ina ce miki tsofaffin kaya ne kawai. To, wurin mai tsire na samo su.

Lokacin ina sabon malami a firamaren Dingyadi, ban yi aure ba, kaina cike da iska. Ran nan na tsaya tashar Bodinga na sayi tsire wurin wani dattijo, Na'Allah. Ina cikin ci sai idona ya faɗa kan takardar da ya naɗe mini naman. Zanen tulu ne an raba shi biyu, da 'yan kibiyoyi suna fita daga jikinsa, a ƙasa an yi bayani da Turanci mai sauƙi yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tulu yake bushewa ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Kulu, tun ina rarrafe nake shan ruwan randa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa yake da sanyi ba. Na tsaya nan da tsinke a hannu har naman ya huce.

Na koma na ce ya nuna mini inda ya yago ta. Ya jawo buhu daga ƙarƙashin tebur, cike da tsofaffin littattafai da yake sayowa Sakkwato don naɗi. Ya dube ni ya ce, "Malam, nama kaka saye ko takarda?" Muka shirya da shi: ina kawo masa tsofaffin jaridu da takardun jarrabawar da aka gama da su, shi kuma ya bar ni in tsinci abin da nake so cikin buhun. Sai dai Na'Allah daga baya yake fara yagar littafi, wai ta nan ya fi saurin cirewa. Saboda haka kusan duk abin da na kwaso, farkonsa na nan, ƙarshensa ya bi cikin mutanen Bodinga.

Ban taɓa jin daɗin duniya kamar na waɗannan shekaru ba. In an tashi makaranta sai in shimfiɗa tabarma gindin bishiyar dogon yaron ƙofar gidanmu, in buɗe littafi yana ƙanshin yaji da ƙuli-ƙuli. A nan na san dalilin da ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. A nan na san cewa hasken rana ma tafiya yake yi kafin ya iso mu, da cewa cikin ɗigon ruwan fadama akwai halittu suna iyo waɗanda ido ba ya gani. Ba littattafan jarrabawa ba ne, babu wanda zai tambaye ka ka haddace. An rubuta su ne kamar wani mai sani ya zauna kusa da kai yana ba ka labari. Kuma duk abin da na karanta sai in ji ya ƙara mini tsoron Allah, don ban san halittarsa ta kai haka tsari ba. Har yau in na ji ƙanshin tsire, gindin bishiyar nan nake tunawa.

Amma ban iya riƙe abin a cikina ba. Na ishi kowa. Wata rana kakarki, Allah Ya jiƙanta, ta dama mini fura, na tsaya ina yi mata bayanin cewa wasu ƙananan halittu ne ke sa madara ta zama nono. Ta saurare ni har na gama, sannan ta miƙo hannu ta ce, "Tau Garba, tunda ƙwari na ciki, aje ƙwaryag ga. Mu da ba mu yi boko ba mu sha abinmu." Ranar nan da yunwa na yini. Da ina da hankali, da wannan ta ishe ni darasi.

Yanzu ga maganar Baffanki.

Shi ne babba. Lokacin da aka zo ɗaukar yara makaranta, Baba ya ce ɗaya zai bayar, ɗaya ya tsaya gona. Yaya Mamman da bakinsa ya ce a kai ni, wai na fi shi surutu, boko kuwa sai mai surutu. Shi yake goya ni a keke ya kai ni, ya dawo ya shiga fadama. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubutun ajami mai kyau, amma boko ko harafi bai sani ba. Albasar da ya noma ita ta ɗinka mini rigar makaranta har na zama malami.

Kin san rudu, ko da yake ku 'yan yanzu wucewa kuke yi ba ku duba. Ɗan ɗakin kara ne da ake ɗaurawa a kan itatuwa, sama da ƙasa, a yi masa jinka, a shimfiɗa albasa ciki bayan ta sha rana a gona wuyanta ya bushe. Iska na shiga ta ƙasa ta fita ta gefe. A nan take kwana har damina ta yi nisa, lokacin da albasa ke wuya a kasuwa. Duk shekara wasu na ruɓewa, a tsince a zubar, sauran su kai. A wannan shekarar Allah Ya ba mu albasa irin wadda Baba ya ce bai taɓa gani ba. Ita ce abincin gidan na shekara, ita ce maganin Baba da ya fara ciwo.

Ni kuwa a daidai lokacin ina karanta wani littafi a kan yadda abinci ke lalacewa. Ya yi bayanin ƙwayoyin da ke ruɓar da abu, ya ce zafi na sa su yaɗu, sanyi na hana su. Na zo tsakiyar wannan babi, a kan wata jimla da ta fara da "amma", sai takarda ta ƙare. Na'Allah ya naɗe tsire da sauran. Ban damu ba. Na ce ai na gane inda maganar ta nufa. Na haɗa wannan da labarin tulu, na ga na gano abin da kakanninmu duka suka kasa ganowa: a kwashe albasa daga rudu, a zuba ta ɗakin ƙasa, a toshe taga, a rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a bango, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Ɗaki zai yi sanyi kamar randa, ko ɗaya ba za ta ruɓe ba.

Na kawo maganar a zaure bayan la'asar, ga Baba, ga maƙwabta uku. Yaya ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Garba, albasa in anka cire ta ba ta son ruwa. Iska taka so. Ɗauki kwando guda ka gwada. In ta yi, baɗi duk mu bi ka."

Magana ce mai kyau, ko ba haka ba? Ke da kika karanta kimiyya kin san abin da ya faɗa shi ne ainihin hanyar masu binciken. Amma ni sai na ji kamar ya tsinka ni gaban mutane. Na ɗaga littafin na ce, "Yaya, waɗanda sunka rubuta wanga sun hi ka sani. Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa da boko, mi kas sani ga ƙwayoyin cuta?"

Na faɗa wa mutumin da ya ba ni gurbinsa a makaranta cewa bai yi makaranta ba. Ban taɓa maimaita kalmomin nan ga kowa ba, ko innarki a bakin wasu ta ji. Sai Baba ya ce, "Mamman, bar shi. Don irin wagga rana munka kai shi boko." Da hannunsa Yaya ya taya ni kwashe albasar daga rudu.

Ki ji shawarata ta fari a nan, ɗiyata. In kin karanta abu, ki karanta shi har ƙarshe, in kuwa ƙarshen bai zo hannunki ba, ki faɗa wa mutane cewa rabi kika sani. Kuma duk abin da za ki gwada a kan abincin mutane ko lafiyarsu, ki fara da kwando guda. Ba littafin ne ya ce in zuba duka ba. Ni ne ban so a ga ina shakka.

Kwana goma na farko ina ta taƙama. Ɗaki ya yi sanyi kuwa, har ina jawo mutane su sa hannu su ji. Cikin mako na uku sai wari ya fara. Na ce na 'yan ƙalilan ne. Na ƙara ruwa. Ranar da muka buɗe ƙofar sosai, na saman sun tsiro kore shar, na ƙasan sun narke sun zama baƙin ruwa yana bin bango. Kaji ma ba su matso ba.

Yaya ya kawo jaki da mangala, ya naɗe wando, ya shiga. Yini guda yana kwasa yana kaiwa bayan gari. Na tuɓe takalmi zan shiga in taya shi, ina sanye da farar rigata ta koyarwa. Ya ɗago, ruɓaɓɓen ruwa na bin hannunsa har gwiwa, ya ce, "Matsa Garba, kar ta ɓata ma riga. Gobe kana da aji."

Wallahi Kulu, da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ba da gatse ya faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na matsa. Na tsaya a inuwa da farar rigata ina kallo. A ranar ya kamata in durƙusa in ce Yaya ka yafe mini. Na ce sai gobe in hankali ya kwanta. Goben ta zo na ce sai an kwana biyu. A shekarar Yaya ya sayar da bajimin nomansa don gidan ya ci. Da Baba ya rasu, ya tattara iyalinsa ya koma Shagari, inda surukansa suka ba shi fadama. Bai yi fushi da ni a fili ba ko sau ɗaya. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, mu gaisa, in tambayi iyali, ya tambayi aiki. Amma tun daga zauren nan bai sake ba ni shawara a kan komai ba, ko da a kan sayen akuya ne. Kewar wannan ta fi komai damuna.

Don haka in kin ɓata wa mutum, ki ba shi haƙuri a ranar, da warin abin da komai. In maganar ta kwana, nauyi take ƙarawa. Tawa ta kwana shekara talatin.

Kuskurena na gaba ya fi wauta. Maimakon in ga laifina, sai na ɗora wa littattafan. Na tattara su na kulle a akwatin nan, na tura ƙarƙashin gado, na koma malamin da ke rubuta abu a allo ya ce a kwafa. Yara nawa suka wuce ta hannuna a waɗannan shekaru ban taɓa nuna musu abin mamaki ko ɗaya ba? Yayyenki ma haka suka tashi. Sai ke, sarkin bincike, kina shekara tara kika tsinci makullin cikin aljihun tsohuwar jakata. Na dawo na tarar da ke kin baje su a tsakar ɗaki, kina kallon zanen tulun nan. Na daka miki tsawa har kika saki littafin. Innarki tana bakin murhu, ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, wai littahin ne yaz zuba ma albasa ruwa, ko mai littahin?" Kin san bakin innarki. Ban ci tuwon kirki ba ranar, amma da safe na bar akwatin a buɗe.

Kin tuna daminar da ta biyo? Mu biyu a bakin ƙofa da yamma, hadari ya haɗo ta gabas, in an yi walƙiya ki fara ƙirga da yatsu har tsawa ta iso, ki ce mini ruwan na kusa ko na nesa. Kin tuna waken da muka shuka a kofin shayi, ɗaya a taga ɗaya a ƙarƙashin gado, har innarki ta yi ta neman kofunanta? Ke kika mayar mini da abin da na jefar. Kada wata rana ki yi kuskure a gaban aji ki ce daga yau kin daina gwaji. Ki ce musu kin yi kuskure, ku sake tare. Kuma 'yan matan nan da za ki koyar, iyayensu mata sun san yadda ake daddawa, da yadda ake shanya kuɓewa ba ta yi baƙi ba, da ranar da nono zai kama. Ki tura su su tambayo a gida kafin ki buɗe musu littafi. Sau da yawa za ki tarar littafin dalili kawai ya ƙara a kan abin da tsohuwa ta riga ta iya.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara da kika dawo hutu daga Sakkwato, kin kawo mini tsarabar tsofaffin littattafai uku da kika saya a bakin kasuwa. Ɗaya mai koren bango ne. Ina buɗewa na ga zanen gurasa mai hunhuna, na gane shi nan take. Shi ne littafin lalacewar abincin nan, cikakke, da bangonsa da ƙarshensa. Na nemo babin, na nemo "amma" ɗin nan, na juya shafi. Abin da ya biyo baya cewa ya yi akwai amfanin gona irin albasa da tafarnuwa da ba a ajiye su cikin sanyi mai laima. Su sai a bar su su bushe har wuyansu ya rufe, a ajiye su inda iska ke ratsawa sama da ƙasa, don laima na tashe su su tsiro, tana kuma kiran ruɓa. Har da zane: ɗan ɗaki a kan ƙafafu, da jinka, da kibiyoyin iska suna shiga ta ƙasa. Rudu ne, Kulu. Rudun Yaya ne aka zana da tawada. Shafi ɗaya tak ya raba ni da maganar da wana ya faɗa mini kyauta a zaure.

Kin shigo kin same ni ina share ido, kika tambaya, na ce albasar da innarki ke yankawa ce. Ban yi miki ƙarya duka ba, albasa ce.

Kin san buhun albasar da ke zuwa mana daga Shagari duk tsakiyar damina, manya, busassu, ko ɗaya ba ta taɓu ba. Shekaru ina karɓa ina jin kamar gori yake yi mini, yana nuna mini abin da rudu ke iyawa. Sai yanzu da na tsufa na gane mutum ne kawai yake aiko wa ƙaninsa albasa lokacin da take wuya. Bana buhun ya zo da saƙon cewa idonsa ya yi yana, da ƙyar yake gane fuska sai an yi magana. Ya girme ni da shekara bakwai, ni ma ga yadda na koma. Ina tsoron ranar da za a kira ni Shagari in je in tarar babu wanda zan faɗa wa maganar.

Littafin mai koren bango yana saman akwatin, na sa tsinken tsintsiya a shafin. In kin kwana biyu kin huta, ki sami Baffanki bayan la'asar yana shan iska, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki karanta masa shafin ki fassara masa da Hausa. Ki kwatanta masa zanen tunda ba zai gani ba. Hakkinsa ne ya ji cewa masu littafin ma bayansa suke.

Amma kada ki ba shi haƙuri a madadina. Wannan aikina ne, ba na aike ba ne. Abin da za ki ce kawai: "Baffa, ƙaninka Garba yac ce in ka yarda, in anka cire albasa bana, shina son ya zo ka koya mai ɗaurin rudu." Gaskiya ce kuwa, na haura sittin ban iya ɗaura shi ba. In ya yi shiru kada ki matsa masa, shirunsa na da tsawo, na san shi. Ki zauna kawai.

Allah Ya yi miki albarka, Kulu. Ya kare ki daga sharrin hanya da na baki, naki da na wasu. Ya ba ki ilimi mai amfani da zuciyar da za ta iya ɗaukarsa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki taya matan gidan aiki kada ki zama baƙuwa, ki gaishe mini da kowa da kowa.

In kuma Baffanki ya tambaya ko da gaske nake, ki ce masa na riga na ware tsohuwar rigar da zan zo da ita. Wannan karon ba ni da aji gobe.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba